Furen da Ya Dace da Ƙasar Jigawa

Shekaru sun nuna mini cewa tsiron da ke mutuwa a tsakar gida, sau da yawa yawan kulawar mai shi ne ke kashe shi. Shi ya sa nake ganin a garin Sarkin Yamma, inda damina ke farawa a Yuni ta ɗauke a Satumba, kuma mafi yawan ƙasar jigawa ce, furen da ya kamata a shuka shi ne wanda masana ke kira Portulaca grandiflora, ɗan'uwan harshen saniya da ke fitowa da kansa a bakin juji. Tsayinsa bai wuce taƙi guda ba, yaɗo yake yi a ƙasa, ganyensa sirara ne masu kauri da ke ajiye ruwa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, barbaɗa shi ake yi a kan rairayi, ba a binnewa, domin sai da haske yake tsira. Wanda ba shi da iri ya karyo reshe ya soka a ƙasa, zai kama. Ba a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe. In aka yawaita, saiwar ta ruɓe. In taki ya yi yawa, sai ganye ya cika, fure ya yi ƙaranci. Rana yake so: da hantsi ya buɗe, ja da rawaya da fari, da yamma ya rufe.

Za a ce ai fure ba ya shiga tukunya, kuma matar da ta sha wahalar jan guga ta fi bukatar zogale da yakuwa. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ruwan alwalar da ake zubarwa kullum ya ishe shi, fasasshen tulu ma ya ishe shi mazauni, don haka bai ƙwace wa zogale komai ba. Kuma gidan talaka ma ya cancanci abin da ido zai kalla ya ji daɗi.

Wasu za su ce baƙo ne, daga Ajantina da kudancin Barazil ya fito. Gyaɗa ma daga Kudancin Amurka ta zo, kuma ita ta riƙe kasuwancin Maraɗi a shekarun 1950 da 1960. Masu cewa ba ya wuce shekara kuwa, su tuna gero ma haka yake, ba wanda ya daina shuka shi saboda haka. Kafin tsiron ya bushe yana zubar da iri, ruwan farko na sauka sai ya sake fitowa.

Iyaye mata, ku ba yaro reshe guda, ku ce kada ya zuba ruwa sai ya taɓa ƙasar ya ji ta bushe.