Tsohuwar Dandali

Mu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta wannan sashe muna da wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato rashin tsohuwa. Duk wasan da muka shirya, in dai akwai kaka ko uwar miji a cikinsa, sai mu nemi wata ɗaliba 'yar shekara ashirin, mu barbaɗa mata hoda a gashi, mu ba ta sanda, ta riƙa tafiya a duƙe 'yan kallo suna dariya. Kafin ta goge, ta gama karatu, aure ko aiki ya ɗauke ta, mu koma gidan jiya.

Muna cikin wannan hali ne wani malaminmu da ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet ya nuna mana wani fim na harshen Rashanci da aka yi a 1983, wanda aka gina a kan labarin Agatha Christie. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba, sai abin da malam ya fassara mana. Amma matar da ta fito a matsayin Miss Marple, tsohuwa mai bin diddigin masu kisan kai, ta kama mu. Ba ta duƙa ba, ba ta karkarwar murya, kallo kawai take yi, sai ka ji kamar kai ne mai laifin. Malam ya ce sunanta Ita Ever, kuma ba Barashiya ba ce, 'yar Estoniya ce.

An haife ta a garin Paide a 1931, lokacin ƙasarta tana da 'yancin kanta. Tana 'yar shekara tara Sobiyet ta haɗiye ƙasar, Jamus ta ƙwace a 1941, Sobiyet ta dawo a 1944. Ta koyi wasa a Mosko, ta gama a 1953, ta koma gida ta shiga gidan wasan kwaikwayo na Estoniya da ke birnin Tallinn. To, nan fa abin da ya fi ɗaure mana kai yake: ba ta bar wannan gida ba har rasuwarta a watan Agustan 2023, tana da shekara 92. Shekara saba'in a dandali ɗaya!

Masu jin harshen Estoniya da kaɗan suka haura miliyan ɗaya, ba su kai mutanen birnin Kano ba. Ga kuma Rashanci mai ɗimbin 'yan kallo, ƙofarsa a buɗe gare ta. Takan leƙa ta yi fim, amma ta dawo gaban mutanenta. A zamanin da hukuma ke fifita Rashanci, zama a zaure a ji harshen gida yana tashi daga dandali ba ƙaramin abu ba ne. Yaran da ta firgita a 1981, sa'ad da ta fito a matsayin mayyar daji a fim ɗin Nukitsamees, sun girma sun gan ta a 2006 a matsayin attajirar tsohuwa da ta dawo garinsu ɗaukar fansa, a fim ɗin da ɗanta Roman Baskin ya ba da umarni. Wannan ɗa ya riga ta rasuwa, a 2018.

Da muka fito daga kallon, ba wanda ya ce uffan sai da muka kai bakin ƙofa. A nan ne wadda ke fito mana a matsayin kaka bana ta ce ita dai ba za ta ƙara riƙe sanda ba, za ta gwada yin wasan da ido. Mun yarda. Ta gwada sau biyu, na biyun ya fi na farko. Sai dai a watan gobe za ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe, kuma an riga an kai kuɗin gaisuwa gidansu.