Mun Manta da Mai Gida

Tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da sojojin Rasha suka tsallaka cikin Yukren, ba a daina musu kan wannan yaƙi ba a majalisunmu, a teburin mai shayi, da kuma cikin wayoyinmu. Na saurari musun nan sau ba adadi, wata rana in tsoma baki, wata rana in yi shiru. Abin da na lura shi ne da wuya a yi minti biyar ana ambaton Yukren. Da an fara sai zance ya koma kan Rasha da Amurka, kamar dai yadda samari ke musun Madrid da Barcelona. Ƙasar da ake yi wa ruwan bama-baman, mai mutum sama da miliyan 40 kafin yaƙin, sai ta zama filin da ake buga wasan a kai kawai.

Mafi yawan waɗanda nake zama da su suna bayan Rasha, kuma suna da dalilansu. Sun ga yadda Amurka da Ingila suka afka wa Iraƙi a 2003 da sunan neman makaman ƙare dangi, aka ruguza ƙasar, ba a samu makaman ba. Sun ga yadda jiragen NATO suka taimaka aka kifar da Gaddafi a 2011, makaman Libiya suka watsu cikin hamada, arewacin Mali ya kama da wuta a 2012. Sun ga hotunan ɗalibai 'yan Afirka, cikinsu har da 'yan Najeriya, da aka hana shiga jirgin ƙasa ko aka tsayar cikin sanyi a iyakar Poland a makon farko na yaƙin, Turawa na wucewa. Daga Oktoban 2023 kuma suka ga Gaza, suka ji yadda bakunan da ke kuka kan asibitocin Yukren suka yi nauyi kan asibitocin Falasɗinawa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ni ma yana ci mini rai. Turawan Yamma da mudu biyu suke awo, ɗaya nasu, ɗaya na sauran mutane.

Inda muke rabuwa shi ne abin da ya kamata mutum ya yi da wannan fushin. Da yayana muka fi yin wannan jayayya. Wata rana bayan ya gama jero laifuffukan Amurka, na ce masa, "Yaya, na yarda da duk abin da ka faɗa. Amma tankokin wa ke cikin ƙasar wa?"

Ya ce, "Kai dai yaro ne har yanzu. In maƙiyinka ya zo yana kafa bukka a ƙofar gidanka, zama za ka yi kana kallonsa har ya gama?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan Rasha ke da ita, kuma ta cancanci a duba ta da kyau. NATO ta yi ta matsowa gabas bayan rushewar Tarayyar Sobiyat: Poland da Hungary da Jamhuriyar Cek sun shiga a 1999, ƙasashen Baltik uku suka biyo a 2004, sannan a taron Bukares na 2008 aka ce wata rana Yukren da Jojiya za su shiga. Babu babbar ƙasar da za ta ji daɗin haka, Amurka ma ba ta yarda ba da aka kai makamai masu linzami Kyuba a 1962. Sai dai misalin Yaya ya tsallake abu ɗaya. Wurin da ya kira ƙofar gida, gidan wani ne mai zaman kansa. A ranar 1 ga Disamban 1991 sama da kashi 90 cikin 100 na masu ƙuri'a a Yukren suka zaɓi 'yancin kai. A 1994, a yarjejeniyar Budafes, Yukren ta amince ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada, Rasha da Amurka da Ingila kuma suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta. Shekara 20 bayan haka, a 2014, Rasha ta ƙwace Kirimiya. Yukren ba ta cikin NATO a lokacin, ba ta cikinta a 2022. Abin da mamayar ta haifar ma shi ne Finlan ta shiga ƙungiyar a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024.

Akwai hujja ta biyu da nake yawan ji: wai ai Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce, harshe kusan ɗaya, addini ɗaya, tarihi ɗaya. Putin da kansa ya rubuta doguwar maƙala a kan haka a Yulin 2021. Duk lokacin da na ji Bahaushe yana maimaita wannan magana sai gabana ya faɗi, domin mu ne mutanen da ya kamata su fi kowa tsoronta. Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya ne, har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi. Daura da Damagaram, Illela da Ƙonni, duk haka. Ingila da Faransa ne suka ja layi a tsakani ba tare da sun tambayi kowa ba. In zama al'umma ɗaya hujja ce ta tura sojoji, to babbar ƙasa na iya tashi gobe ta ce za ta haɗe 'yan uwanta da ke hayin iyaka.

Mun ma kusa ganin irin haka da idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta ba sojoji wa'adin mako guda, ta ce tana iya amfani da ƙarfi. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarki. Me arewa ta yi? Ta tashi tsaye. An yi huɗubobi, sanatocin arewa suka ƙi amincewa, tawagar malamai ta tafi har Yamai. Kowa cewa yake ba za a jefa bam kan 'yan uwanmu ba, ba za a shiga ƙasar mutane da tankoki ba komai laifin shugabanninta. Yaya na cikin masu faɗin haka, ni ma ina ciki. A wancan lokacin 'yan uwantaka ita ce dalilinmu na hana yaƙi. Na kasa gane yadda ita ɗin dai za ta zama dalilin halatta shi a wata nahiya. Biranen da suka fi shan wuta a Yukren, irin su Mariyupol da Kharkiv, yawancin mazaunansu da harshen Rashanci suka tashi.

Magabatanmu na Afirka sun san haɗarin wannan tun da wuri. A taron Alƙahira na 1964, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yanke cewa kowace ƙasa ta mutunta iyakokin da ta samu ranar 'yancin kai, duk da sanin cewa Turawa ne suka zana su da son zuciya. Sun ga cewa in aka ce kowa ya bi danginsa da bindiga, ba za a gama binne gawa ba. Wannan ne jakadan Kenya, Martin Kimani, ya tunatar da Kwamitin Sulhu kwana uku kafin mamayar. Najeriya da kanta ta haɗiyi ɗaci a kan wannan ƙa'ida: Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi a 2002, aka kammala miƙa shi a 2008, alhali Najeriya ta fi Kamaru yawan soja da dukiya. Da aka kaɗa ƙuri'a a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 2 ga Maris 2022, ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Najeriya da Nijar da Gana da Chadi duk suna cikin 141 ɗin. Ƙa'idar cewa mai ƙarfi ba ya cinye maƙwabcinsa, marasa ƙarfi take yi wa amfani. Masu nukiliya ba sa buƙatarta.

Wasu abokaina ta fuskar addini suke kallon lamarin, suna ganin Rasha ce mai tsaya wa Musulmi. Nakan tambaye su ko sun taɓa jin labarin Tatar na Kirimiya. Musulmi ne, kuma sun daɗe a wannan yanki kafin daular Rasha ta karɓe shi a 1783. A watan Mayun 1944 Stalin ya sa aka kwashe su, kusan mutum 200,000, aka loda a taragon jirgin ƙasa zuwa tsakiyar Asiya, da yawa suka mutu a hanya da kuma bayan isa. Sai a ƙarshen zamanin Sobiyat suka fara komawa gida. Bayan mamayar 2014, Rasha ta haramta majalisar wakilansu a 2016. Birnin Grozny na Musulmin Ceceniya sojojin Rasha ne suka mayar da shi kufai a tsakanin 1999 da 2000, jiragenta kuma na cikin waɗanda suka yi wa Halab luguden wuta a 2016. Babbar ƙasa muradinta take bi, ko a Washington take ko a Mosko.

Yaƙin kuma bai tsaya can nesa ba. Rasha da Yukren na cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, Rasha kuma na kan gaba a takin zamani. Mai sayen burodi da manomin da ya je sayen buhun taki a daminar 2022 sun ji a jikinsu. An ƙulla yarjejeniyar fitar da hatsi ta Bahar Aswad a Yulin 2022, Rasha ta fice daga cikinta bayan shekara guda. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, matasa suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna. Aka kama su, aka kama teloli, ofishin jakadancin Rasha ya ce babu ruwansa. A Nuwamba muka ga yara a gaban kotu a Abuja, wasu na faɗuwa don galabaita. Yunwa ce ta fitar da su titi, tutar da suka riƙe kuma ba ta ba ko ɗayansu lauya ba.

Ban ce kowa ya so Zelensky ba, ban ce a yarda da duk abin da kafafen Yamma ke faɗa ba. Rashawa talakawa ma 'ya'yansu ake binnewa, uwa a can ma kuka take yi. Roƙona ƙarami ne. Tunda mun zargi wasu da awo da mudu biyu, mu riƙe ɗaya. Abin da muka kira zalunci a Bagadaza da Gaza, abin da muka ce ba za mu yarda a yi wa Yamai ba, kada mu sake masa suna don wanda ya aikata shi abokin gabar wanda muke jin haushi ne. Kuma kafin mu shiga lissafin wa ya ci, wa ya faɗi tsakanin manya, mu tambayi mai gidan abin da yake so. Mutanen Yukren sun ba da amsa da ƙuri'a a 1991, kuma da sojojin Rasha suka doshi babban birninsu a 2022, tsayawa suka yi suka kare shi.