Tsohuwar Jif, Sabuwar Hidima

Duk mai karanta littattafan mu na Hausa ya san yadda jif ke shigowa cikin labari. Za ta taho baƙa wuluk ta na sheƙi, maigadi ya wangale ƙofa da rawar jiki, wani matashin Alhaji ya zuro ƙafa ƙamshi na tashi. A fim ma haka ne; in ana so a nuna yaron da ya bar ƙauye ya yi kuɗi, sai a dawo da shi cikin jif, yara na bin sa a guje cikin ƙura. Abin da marubuta da daraktocin mu ba su cika nuna mana ba shi ne washegari, wato waye ke duba ruwan lagireto, kuma wane bakanike ne ya yini a ƙarƙashin ta. To, wannan washegarin na ke so mu taɓa a wannan watan, don tun farkon 2024 ni ma na shiga sahun masu jif, sai dai tawa ta girmi da yawa daga cikin 'yan wasan da ku ke kallo.

Toyota Land Cruiser ce ƙirar 1994, mai shan gas, wadda ta ci duniya kafin ta iso hannu na. Garin mu na arewacin Kano, tsakanin Ɗambatta da Kunchi. In ka sauka daga kwalta sai 'yar burji, daga burji sai zallar yashi, da damina kuma ga wani rafi da ke raba mu da titi duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ƙaramar mota iyakar ta bakin titi, sauran tafiyar sai babur ko amalanke. Ni kuwa bayan rubutu ina noma, ina buƙatar abin da zai kai taki gona, ya kuma kai min wake da riɗi Dawanau. Wannan ne ya sa na haɗa 'yan kuɗaɗe na, na tafi da bakanike wajen dillalai.

Dattawan mu sun fi sanin Landiroba, motar da Turawan Ingila su ka fara ƙerawa a 1948, wadda hakimai da malaman gona da 'yan allurar shanu su ka riƙa ratsa karkara da ita, har daga baya aka zo ana harhaɗa ta a Ibadan. Sannu a hankali Toyota ta ƙwace fagen a ƙasashen mu na Sahel, har ta kai yaƙin da Chadi ta yi da Libiya a 1987 ana kiran sa Yaƙin Toyota, saboda irin rawar da motocin su ka taka cikin rairayi. Injin da ke cikin tawa shi ne wanda ake kira 1HZ, mai silinda 6, lita 4.2. Ba shi da gudu, in ka taka shi sai ya yi kamar ya na shawara tukuna. Amma babu kwamfuta a jikin sa, don haka bakaniken da ya san aikin sa zai iya gane ciwon sa da kunne da hanci, ko da a gindin darbejiya ne.

Bakanike na dattijo ne, ya fara koyon aiki tun zamanin da Fijo 504 ke fitowa sabuwa daga Kaduna. Ranar da aka biya la'ada ya dube ni ya ce, “Malam, yau ka biya sadaki, saura ci da sha da sutura. Kuma wannan lambar da ke agogon ta, ka ɗauke ta kamar shekarun bazawara.” Nufin sa, tunda ba mu san yaushe aka yi mata gyaran ƙarshe ba, sai mu ɗauka ba a taɓa yi ba. Sati biyu ta yi a garejin sa kafin ta ga garin mu. An yi juyen baƙin mai, wanda ita kaɗai ke shan kusan lita 10, an canza duk filtoci, an juye man giya da na aksul gaba da baya, an ɗura giris a farfela, an duba birki. Abin da ya fi matsa min a kai shi ne taimin bel. Ƙa'idar sa a canza shi duk kilomita 100,000, kuma ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke. In ya tsinke injin na aiki, fistin zai daki bawul, daga nan an tashi daga gyaran dubbai an koma na dubban ɗaruruwa.

Kayan gyara kuwa sai Ƙofar Ruwa. Kamar a kowace kasuwar kayan mota a ƙasar nan, kaya kashi uku ne: akwai sabo ɗan asali, akwai ɗan gwanjo da aka ciro daga motocin waje, wanda kanikawa ke kira Beljiyam, akwai kuma mai kwali mai kyau da ba ya kai wata uku. Dabarar da na koya ita ce ka riƙe tsohon ƙarfen a hannu ka je da shi, a jera su a gwada, kuma ka je da wanda zai ɗaura shi. Abin da ya shafi birki da sitiyari da taimin bel ba na saye sai sabo mai kyau. Fitila ko marfi ko madubi, gwanjo ya wadatar. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, Naira kuma ta faɗi, komai ya tashi, litar gas ma a 2024 ta haura Naira 1,000. Duk da haka araha ba ta ado, balle a kan abin da zai tsayar da mota mai nauyin sama da tan biyu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda hidimar ta ke bin lokutan shekara tamkar aikin gona. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Duk sati sai na ciro filtar iska na kaɗe, in na samu mai faci ya busa mata iska daga ciki zuwa waje, domin ƙurar da ta wuce filta ita ke cinye ringi, mota ta fara hayaƙi da shan baƙin mai. Da bazara sai a koma kan zafi. Ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa kan toshe fuskar lagireto, ruwan rijiya kuma kan bar tsatsa da gasari a cikin sa, shi ya sa na ke zuba mata ruwan sanyaya inji na kanti, kuma ido na ba ya barin allurar zafi in na ɗauko kaya. Da kaka, bayan an yi girbi, tushiyar kara da ƙayar aduwa su ke farautar taya, don haka safaya da jak mai kyau da ɗan katakon da za a ɗora shi a kan yashi ba sa fita daga bayan ta.

Damina ce babbar jarrabawa. Duk ranar da ta ratsa rafi har ruwa ya kai cibiyar taya, washegari sai an kwance noti an leƙa man aksul. In ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, kuma in aka bar shi zai ci boris da haƙoran giya a ɓoye. Gas ɗin jarka da mu ke saye a ƙauye ma wani lokaci ya kan zo da ruwa, amma akwai 'yar makunna a gindin filtar gas da ake murɗawa a zubar da shi. Aikin minti biyar ne, ya na kuma tsare maka nozul da famfon gas, waɗanda gyaran su sai an dangana da birni.

Sai maganar ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzileri, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Amfanin ta a yashi da taɓo ne. A kan kwalta ba a barin ta a ciki, domin ta na tilasta wa aksul na gaba da na baya su juya daidai wa daida, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya; yashi kan bar taya ta ɗan zame, kwalta kuwa ba ta bari, sai ƙarfe ya ɗauki wahalar. Haka kuma ba a barin ta wata da watanni ba a sa ba, sai ta ƙi shiga ranar da ake neman ta. A yashi mai zurfi, rage wa taya iska ya fi taka totur amfani.

Mai karatu zai iya cewa, ai mai irin wannan mota ko'ina ya ga dama hanya ce. A ƙasar mu ba haka ba ne. Tun a shekarun 1960 Baturen nan masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, ya yi rubutu a kan yadda karkarar da ta kewaye Kano ta cika da jama'a, gona manne da gona, ana noma ta kowace shekara da taki ba a barin ta ta huta. Yau abin ya ƙaru. Babu wani daji da za ka ratsa. Daga gero sai dawa, iyaka kuwa layin gamba ne ko lalle. Hanyar da ta rage ta amalanke ce, in ka kauce taku biyu ka taka kunyar wani. Mota in ta mutu a irin wannan hanya ta tare wa gari duka, kuma janyo ta sai an yi ɓarnar shuka. Gyara kafin lalacewa a nan har da haƙƙin maƙwabci a ciki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A watan Agustan 2024, wajen ƙarfe biyu na dare, bayan an ɗauke ruwa, maƙwabci na ya buga min ƙofa. “Yaya, ka taimaka, mai ɗaki na ce tun la'asar, ungozoma ta ce a tafi asibiti.” Babur ba zai iya ɗaukar ta ba, amalanke kuma sai gari ya waye ba ta kai titi ba. Murɗawa ɗaya motar ta tashi. Na sa ogzileri tun kafin rafi, matasa biyu su ka shiga gaba da tocila su na gwada zurfin ruwan, mu ka haye, kafin asuba mu na Ɗambatta. Allah ya sauke ta lafiya. A hanyar dawowa babu abin da na ke tunawa sai batirin da bakanike ya sa na canza tun a watan Yuni, ina ta ƙorafin kuɗin.

Tun daga nan mutanen gari su ka daina ce mata motar Malam, sai “motar mu”. Ni ma na san matsayin ta. Ba na barin tanki ya gaza rabi, da damina kullum da yamma sai na tashe ta na saurari injin, kuma in zan ajiye ta sai na juya fuskar ta waje. Ina da ɗan littafi a aljihun ta da na ke rubuta ranar juye da lambar agogo, duk kilomita 5,000. Duk buhun da na sayar kuma akwai kason ta da na ke warewa. Masu gari su ma ba su bar ni ni kaɗai ba. Wani ya kawo kwanon gero, wani ya sa kuɗin gas, matasa kuma sun ɗauki nauyin cike ramukan bakin rafi da ɓaraguzai.

Don haka duk mai sha'awar irin ta, shawara ta ita ce kada ya ƙarar da kuɗin sa a ranar saye, kuma ya nemi bakanike kafin ya nemi dillali. 'Yan'uwa na marubuta kuwa, ga jarumi nan kyauta mun daɗe mu na wuce shi: dattijon da ke kwance a kan buhu ƙarƙashin mota, hannu duk giris, wanda aikin sa ke yanke hukuncin ko wata baiwar Allah za ta isa asibiti cikin dare. Yanzu haka ya ce min kafin ruwa ya sake sauka sai mun buɗe ƙafar gaba mun canza sil, don ta hagu ta fara zufa. Na riga na ware mata buhu biyu na wake. Allah ya tsare mu a hanya, ya kuma sa wa abin hawan mu albarka, amin.