Wa Ya Nuna wa Bature Hanya?

Wani tsohon malamin makaranta a unguwar Kanwuri ta Sakkwato ya ƙosa da samarin da ke hawa babur zuwa Yamai ko Agadas suna ɗaukar kansu a waya, wai sun kafa tarihi. A wurinsa, wanda ya san inda zai sha mai da inda zai kwana yawo ya fita. Tafiya ta gaske ita ce wadda mutum ke yafe wa iyalinsa kafin ya ɗaga ƙafa.

Yakan kawo misalin Clapperton, wanda ya keto Sahara ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya sake dawowa, ciwo ya kama shi, ajalinsa ya sauka a nan Sakkwato a 1827. Malam bai raina masa jarunta ba. Abin da ke ci masa rai shi ne, hanyoyin da Baturen ya bi fatake sun daɗe suna bin su, har Gwanja sukan kai don goro. Yau akwai titi mai sunan Clapperton a Sakkwato. Ina sunan madugu ko guda?

Nan muryar Malam ke canjawa. Kakansa ya tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Sudan, yana noma a hanya don ya sami guzuri. Malam ya tashi a gabansa, yana da alƙalami, bai rubuta ko sunan zango ɗaya ba.

Ga Dorugu, in ji shi, yaron da wani Bature mai suna Barth ya tafi da shi Ingila a 1855: an rubuta labarinsa daga bakinsa, shi ya sa har yau ake jin sa. Dubban da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas a 1903, waɗanda ragowarsu suka kafa Mai Wurno a Sudan, kaɗan ne aka ji ta bakinsu.

Sai kuma ya sassauta wa samarin da ya gama zagi, ya ce ko ba komai su suna barin shaida. Amma da an ambaci masu ratsa hamada zuwa Libiya a bayan akori-kura, sai ya fusata: kakansa ya san rijiyoyin hanya da ayarin da zai bi, su kuwa dillali kawai suka sani.