Darasi Daga Masu Nutso Cikin Kifayen Shak

Mu 'yan Rimin Gado ba mu da teku, ruwanmu kududdufi ne da rafi. Amma mun karanta cewa a 1963 Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin Bahar Maliya, kusa da Fot Sudan. Mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10, a ruwan da kifin shak yake yawo. Abin da ya tsare su shi ne horo da tulun iska a baya, kuma mai nutso ba ya shiga shi kaɗai. Mu kuwa kududdufi yakan ci yaranmu da damina, alhali babu shak a ciki. In mun tafi hutu, kada mu bar ƙannenmu su shiga ruwa babu babba. Allah ya kiyaye.