Taragon Gyaɗa A Tafin Hannu

Tunda wannan makon layi ya zo kaina, zan ba ku labarin wata sana'a da ba ta taɓa kawo mini ko sisi ba, amma ta fi komai cin lokacina.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara. Da an yi girbi yara za su fere kara, su haɗa ɓawon da totuwa, kafin la'asar an sami tirela. Na birni kuma su yi tasu da langa-langa da gwangwanin madara, su yanka tsohon silifas su yi taya. Yawanci tun kafin a shiga sakandare ake barin wannan wasa. Ni ban bari ba. Abin da ya canza shi ne na koma ƙera jirgin ƙasa, kuma tun da na koyi zanen injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha na daina ƙira da ido, na koma ƙira da awo.

A Turai manya ne ke wannan harka, masu furfura da jikoki. Tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙananan jirage masu daidaitaccen faɗin layi, ta yadda taragon da ka saya bana zai hau layin da ka saya bara. A Ingila Hornby ya fara nasa a 1920. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda mutane ke biyan kuɗi don kallon ɗaruruwan ƙananan jirage suna ratsa garuruwa da duwatsun da aka gina da hannu. Duk wannan duniyar kan abu ɗaya ta tsaya: ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, wato 1:87, duk abin da ke jikin jirgin gaske a raba shi gida 87. Akwai OO na Ingila, 1:76, akwai kuma N, 1:160.

A nan ne lissafi ya fara yi mini daɗi. Layin dogon da ya iso Kano a 1911, wanda ya ratsa garinmu Zariya, tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa 3 ne da inci 6, wato milimita 1,067. Na yawancin ƙasashen Turai milimita 1,435 ne, irin na sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. In ka raba 1,435 da 87 za ka sami 16.5, kuma shi ne faɗin ɗan layin HO da ake sayarwa. Ke nan wanda ya ƙera tsohon taragonmu a 1:87 ya ɗora shi kan wannan layi, ya ba shi ƙafafun da ba nasa ba, zai tsaya a tattale kamar yaro ya sa takalmin babansa. Amma in ka raba 1,067 da 64 za ka sami 16.7, saura ƙiris ya zama 16.5. Shi ya sa masu wannan sana'a a Niyuzilan, waɗanda faɗin layinsu ɗaya ne da namu, suke ƙira a 1:64 su ɗora kan layin HO. Hanyarsu na bi.

A 1:64 mutum mai tsawon mita 1.7 yana komawa milimita 27. Ƙofar da ta kai mita 2 ta koma milimita 31. Katako mai kaurin inci 1 ya koma ƙasa da rabin milimita. Da ka riƙe waɗannan alƙaluma za ka gane cewa ido maƙaryaci ne, kullum so yake ya ƙara wa ƙaramin abu kauri.

Kayan aikina ba su wuce cikin kwalin takalmi ba: rular ƙarfe, reza, almakashi, ƙaramar filaya, samfefa, gam, da ƙarfen liƙi na masu gyaran rediyo. Gangar jikin tarago da kwali mai ƙarfi nake yi, in ja layukan katako da bayan reza ɗaya bayan ɗaya. Rufin na gwangwani ne, in buɗe shi in naɗe a jikin kwalba har ya ɗauki lanƙwasa. Mariƙai da matakala na zaren wayar wuta ne. Kan ƙusoshi kuwa, in juya gwangwanin in danna tsinin allura ta baya, sai ɗan tudu ya fito ta gaba. Tayoyi kaɗai ne ba na ƙerawa. Wajen 'yan gwanjo nake tsintar karyayyun jiragen wasa in cire ƙafafunsu. Awo kuma a jikin wani tsohon rufaffen tarago na ɗauka, wanda ya daɗe ajiye a gefen layi har ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsa. Na gaida maigadin wurin, na nuna masa littafina da tef ɗina, ya dube ni ya girgiza kai, ya ce in dai ba kwancewa zan yi ba, bismillah.

Wannan duk mai sauƙi ne. Wuyar aikin na cikin fenti.

Da farko sai an wanke gwangwani da omo, a goge da samfefa, a shafa masa jan fentin hana tsatsa irin na masu walda, in ba haka ba duk abin da ka shafa zai ɓare. Sannan fenti ya zama tsinkakke, a shafa sau uku ko huɗu, domin ɗigon da ya kai kaurin milimita 1 a jikin ɗan tarago daidai yake da yaɓen santimita 6 a jikin na gaske. Kada ya yi sheƙi. Kuma kowane launi sai an ɗan kashe shi da fari ko ruwan toka, saboda mai kallon ɗan tarago daga nisan mita 1 kamar yana hangen na gaske ne daga mita 64, kuma abin da ke nesa launinsa dusashewa yake. Da hunturu kuwa, ana gama shafawa sai a kife roba a kai, don ƙura ba ta da kunya.

In an gama wannan an sami tarago sabo fil, irin wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ni kuwa wanda nake so shi ne wanda ya yi dakon gyaɗa daga Kano zuwa Ikko, tafiyar kusan mil 700, a zamanin da buhuna ke taruwa su zama dala saboda jirgi bai iya kwashe su a kan kari. Irin wannan tarago rana ta dafa shi, damina ta wanke shi, hayaƙi ya turara shi. Dole fenti ya faɗi duk wannan. Matsalar ita ce hotunan wancan zamani baƙi da fari ne. Suna ba ni siffa, suna ba ni adadin ƙusoshi, amma launi babu. Launin yana cikin kawunan waɗanda suka yi aikin.

Kakana na wajen uwa ɗaya ne daga cikinsu. Ya yi aikin Reluwe a ƙarshen zamanin injin tururi, shi ne mai zuba wa inji kwal. Yanzu idonsa ya yi rauni, sai dai ya ga inuwar mutum. Don haka kafin in taɓa buroshi nakan kai masa taragon, ya karɓa ya bi shi da yatsa lungu-lungu, ni kuma ina tambaya ina rubutawa.

Ranar da na tambaye shi ko kan jirgin baƙi ne, dariya ya yi.

"Kai ɗan nan, baƙi iri nawa? Gaban inji, inda hayaƙi ke taruwa, baƙinsa a bushe yake kamar gindin tukunya. Gangar jiki kuwa mu muke goge ta da tsumma mai mai, tana ɗaukar ido. Sama bayan bututu toka ce ke zama. Inda ruwa ke tsiyaya kuma fari za ka gani kamar kanwa."

Na ce, "To Kaka, tarago fa? Ina tsatsa ta fi ci?"

Ya ce, "Bi ruwa, za ka sami tsatsa. Daga kan ƙusa take farawa ta gangaro ƙasa. Ƙura kuma daga ƙasa take hawa, ƙafa ce ke watso ta. Amma kada ka kuskura ka sa wa mariƙin ƙofa tsatsa. Hannu nawa ke kama shi a wuni? Sulɓi yake kamar ƙotar fartanya."

Shi ne ya gaya mini cewa a jikin ƙofa akwai rubutun alli da ma'aikata ke yi, sunan tashar da za a sauke kaya, a goge da hannu a rubuta wani a kai, har wurin ya yi fari-fari. Ya ce taragon da ya taso daga Nguru ko Ƙaura Namoda ana gane shi da ƙurarsa, wanda ya kwana biyu a kudu kuma ruwa ya wanke shi, katakonsa ya yi duhu. Babu hoton da ya taɓa nuna mini wannan.

Daga bakinsa nake komawa teburi. Tsatsa ta gaske nake amfani da ita: in jiƙa soson ƙarfe in bar shi kwanaki har ya ci kansa, in shanya, in murje ya zama gari. Ƙura kuma jar ƙasar gefen layi ce, in tankaɗe ta da tsohon ɗankwali. Baƙin fenti in tsinka shi ya zama kamar ruwan shayi, in sake shi ya bi tsagin katako da kansa. Sai in ɗauki busasshen buroshi, in taɓa fenti mai haske, in goge kusan duka a takarda, in shafa sama-sama don gefuna da kan ƙusoshi su fito. Mariƙin ƙofa in goga masa bakin fensir ya yi sulɓi. Rubutun alli kuma da tsinken sakace da farin fenti, "Apapa", haruffan ba su kai ƙwayar gero ba. Ƙa'idar da na riƙe ita ce kada in sa tabo ko ɗaya wanda ba zan iya faɗin dalilinsa ba. In na sa tsatsa, in san ta ina ruwa ya biyo. In na sa baƙin mai, in san wane akwatin ƙafa ne ke yoyo.

Ba kowa ke ganin abin haka ba a gidanmu. Da rana ina aiki a shagon walda, abin da nake samu bai taka kara ya karya ba, don haka in Umma ta leƙo da dare ta same ni na duƙufa kan gwangwani sai ta ce, "Kai wannan, diflomar taka ke nan? Sa'o'inka suna can suna neman aikin gwamnati." Ba na ganin laifinta. Ita ta sayar da tumakinta ta biya mini kuɗin makaranta, kuma ɗan tarago ba ya sayen magi. Ni ma ina neman aikin, takarduna sun zaga inda ƙafata ba ta taka ba. Amma akwai wani agogo da nake ji yana bugawa wanda ita ba ta ji. Taragon da na auna, duk zuwan da zan yi sai na tarar wani abu ya ragu a jikinsa: yau ƙofa, gobe matakala. Masu satar ƙarfe ba sa barci. Abokan aikin Kaka da suke zama a ƙofar gida da yamma su biyar ne lokacin da nake firamare, yanzu saura shi da mutum ɗaya. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, an rufe shi tun 1957, kuma a cikin sa'o'ina da wuya ka sami wanda ya san an taɓa yin sa. Haka abu ke ɓacewa, ba da ƙara ba.

Wata rana Umma ta shigo ɗakin Kaka da kunu, ta tarar da taragon da na gama a tafin hannunsa, yana ta ba ni labarin wani dare da ruwa ya kusa ƙare musu tsakanin tasha da tasha. Ta ajiye kwanon ta tsaya. Da ya kai aya ta ce, "Baba, ni ban taɓa jin wannan ba." Ya ce, "Ai ba ki taɓa tambaya ba." Tun ran nan ba ta daina yi mini faɗan aiki ba, amma gwangwanin madara ya daina zuwa bola, a bayan ƙofa nake samun su a wanke.

Zuwa yanzu ina da tarago uku na kaya da ɗaya na fasinja mai kore da ruwan ɗorawa, irin wanda mu muka taso muka gani. Abin da ke gabana shi ne kan jirgi, samfurin nan da aka sa wa sunayen koguna, wanda aka fara kawowa daga Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tsarin ƙafafunsa 2-8-2: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, biyu a baya ƙarƙashin murhu. Tukunyar tururin da bututun roba na ruwa zan yi ta, na riga na yanka. Sandunan da ke haɗa ƙafafu takwas ɗin su ne abin tsoro, domin in rami ɗaya ya kauce da ƙiris, ƙafa ba za ta juya ba. Ina so in gama kafin azumi, tun Kaka yana iya bin sa da yatsa ya gaya mini inda toka ke zama.

Roƙona gare ku 'yan uwa: duk wanda ke da tsohon hoton tasha ko na jirgi a akwatin gidansu, ko da ya dusashe, ya ɗauka da waya ya turo mini a nan ƙasa. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ya yi aikin Reluwe, ko ya yi dako a dalar gyaɗa, ya taimaka ya tambayar mini shi launin taragon kaya a zamaninsa, da abin da ake rubutawa a jikin ƙofa. Ku rubuto yadda ya faɗa, kada ku gyara masa magana.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai na ji ku.