Motar Kakana Da Ciwon Caji

Duk ɗalibin da ya saba wucewa ta layinmu a Nassarawa da sassafe a farkon shekarar 2024, ba mamaki ya taɓa ganin yara uku cikin kayan makaranta suna tura wata tsohuwar farar mota, wani dattijo a ciki yana ɗaga musu hannu su ƙara ƙarfi. To, jama'a, ni ne na tsakiyan nan, na gefe da gefe ƙannena ne, dattijon kuwa mahaifinmu ne. Tun da abokaina sun daɗe suna yi mini tsiya a kan wannan turi, na ga ya kamata in ba da labarinsa tun daga farko.

Motar tamu Peugeot 504 ce, wadda kowa ya fi sani da Fijo. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, sa'an nan daga 1975 aka shiga harhaɗa motocin Peugeot a masana'antar Kakuri da ke Kaduna. An ci gaba da yin 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin yayinta. Marigayi kakana ne ya saye ta sabuwa yana aikin gwamnati. Da Allah ya yi masa rasuwa sai ta dawo hannun Baba, amma a gaskiya mai ikonta ita ce kakarmu Hajiya. Ta ce muddin tana numfashi ba mai sayar da ita. Kuma ba ta yarda ta shiga wata mota in za a kai ta ganin likita, ga ta kuwa da hawan jini.

Ciwon ya fara ne a hankali. Yau a murɗa makulli ta tashi da ƙyar, gobe a ji ƙas-ƙas kawai. Baba ya ce batir ne ya tsufa, aka sayi sabo. Bai yi wata biyu ba shi ma ya kwanta. Baba ya ce an sayar masa da jabu, ya yi ta faɗa, aka sake sayen wani. Kowa ya san yadda kayan waje suka yi tsada tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, saboda haka batir biyu a jere ba ƙaramin rami suka yi wa aljihun ɗan fansho ba. Ga kuɗin makarantarmu na zango na uku yana tafe.

Ranar da abin ya daina ba mu dariya ita ce wani dare bayan ƙaramar Salla, cikin watan Afrilu. Jinin Hajiya ya hau, muka ɗauke ta sai asibiti. Muna cikin tafiya a kan Audu Bako Way na lura fitilun gaba suna ta dusashewa, har suka koma kamar aci-balbal. Ba mu yi nisa ba injin ya yi tari biyu ya mutu. Muka tura, muka tura, ko gezau, domin in batir ya ƙare ƙaf ba abin da zai ba fulogi wuta. Allah ya kawo wani mai adaidaita sahu, shi ya ƙarasa da su. Ni aka bari gadin mota cikin duhu da sauro. Hajiya ta sami sauƙi, amma na ga fuskar Baba a daren nan, ban kuwa so in sake ganin irinta ba.

Da aka koma makaranta na kai ƙarar motar wurin malaminmu na Fiziks. Ya saurara har na gama, sai ya ce, "Kai, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuna ta dukan batir, kun duba wanda yake ciyar da shi?" Ya zana mini a allo. Batir, in ji shi, kamar randa ne, ajiya kawai yake yi. Mai ɗebo ruwan shi ne altaneta, wanda bel ɗin injin yake juyawa. A cikinsa akwai maganaɗisu mai juyawa a tsakiyar naɗin waya, shi ke haifar da wuta mai kai da komo, sa'an nan wasu ƙananan abubuwa da ake kira dayod su daidaita ta ta bi hanya ɗaya, irin wadda batir yake karɓa. Akwai kuma regileta mai hana wutar wuce kima. Ya ara mini mitarsa, ya ce lafiyayyen batir cikakke yana nuna wajen bolt 12.6 in mota tana kashe, in kuwa injin yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4.

Ran Asabar aka karɓo batir daga wurin mai caji, na ɗora mita na ga 12.5. Baba ya tayar da mota, na sake dubawa, 12.3. Na ce ya kunna fitilu, sai lambar ta shiga sauka a kan idonmu. Watau duk watannin nan motar a kan ajiya take tafiya, ba abin da ke shiga randa. Baba ya daɗe yana kallon mitar nan, daga baya ya ce, "Je ka kira mini rewaya."

Mai rewayan namu dattijo ne da ya yi zamani da Fijo. Yana cikin dubawa wani maƙwabcinmu ya ba da shawara a cire kan batir injin yana aiki, in ya mutu to altaneta ne. Dattijon ya ce kul, wannan gwajin na zamanin dainamo ne, a altaneta yana iya ƙona dayod ɗin da suka rage. Ya fara da duba bel ko ya saki, ya goge kawunan batir, ya gwada regileta, wanda a motarmu wani ɗan akwati ne daban a jikin bodi. Sai da ya wanke waɗannan duka sa'an nan ya kwance altanetan. Kabon ɗinsa sun cinye, naɗin wayar ya yi baƙi yana ƙauri, kuma an riga an taɓa sake naɗa shi a da. Ya ce, "Alhaji, in ka ce in naɗa zan naɗa, amma ba zan yi maka alkawarin zai kai damina ba."

Saboda haka muka saka gawar a buhu muka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, inda Kanawa ke cewa in ka rasa ƙarfe a nan to ka haƙura. Dabarar tafiya da tsohon ta dattijon ce, kuma ita ta cece mu.

Shagon farko aka fito mana da sabo fil a kwali, yana ƙyalli, ba sunan maƙerinsa a ko'ina, kuɗinsa kuma da sauƙi ƙwarai. Baba ya so shi. Dattijon bai ce komai ba, sai ya ɗora mini shi a hannun dama, tsohon a hagu. Sabon ya fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Ya raɗa mini cewa irin waɗannan sau da yawa ana rage musu jan ƙarfe, ko a sa alminiyam a madadinsa, kuma zafin Kano na bazara ba ya raga musu.

A shago na biyu ne na kusa jawo mana asara, ni da ake ganin na sani. Wani saurayi mai zaƙin baki ya kawo ɗan Beljiyam, watau wanda aka yi amfani da shi a Turai, mai amfiya 90. Namu 50 ne a rubuce a jikinsa. Na ce a raina ai babba ya fi, na shiga zuga Baba. Dattijon ya ce, "Ɗan boko, jera su mu gani." Da muka jera sai ga fulinsa mai tsaga-tsaga da yawa ne, na bel ɗin motocin zamani, namu kuwa tsaga ɗaya ce mai zurfi. Kunnuwan da ake ɗaure shi da su ma ba su zo daidai ba, sai an yi walda. Ya ƙara da cewa wayar motarmu siririya ce, ta kuma tsufa, ranar da batir ya yi yunwa ya ja wuta mai yawa tana iya ɗaukar zafi.

Kunya ta sa na zaro biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun a gida. Fitilar gaba wat 55 ce, in an raba da bolt 12 a sami amfiya huɗu da rabi da 'yan kai, guda biyu wajen tara ke nan. Na haɗa da fitilun baya, da kwayil, da waifa, da fanka, da rediyo, duka ba su wuce talatin ba. Motar ba ta da na'urar sanyi balle gilashin lantarki. Ashe 50 ɗin ma da rara.

Sai wajen la'asar muka sami wani mai tarin na Fijo zalla a ƙarshen wani lungu. Muka ware uku da suka yi daidai da namu a fuli da kunnuwa. Ba wuta a kasuwar, Baba ya biya kuɗin man janareta aka juya su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina riƙe da mitar malam. Na farko ya tsaya a 12.9. Na biyu ya ba da wuta sosai amma boris ɗinsa yana kuka. Na uku, Valeo mai amfiya 55, mummuna, duk ƙura da baƙin mai, ya hau 14.1 ya zauna daram, ko da aka jona masa fitila. Regiletansa a cikinsa yake, saboda haka dattijon ya ce zai cire haɗin tsohon akwatin, kada shugabanni su zama biyu. Kuɗinsa ya ɗara na sabon nan mai ƙyalli. Baba ya juya shi, ya dube ni ya ce, "Kai me ka gani?" Ban taɓa jin ya tambaye ni haka a gaban mutane ba. Na ce, "Baba, wannan." Aka yi ciniki da sharaɗin in ya ba da matsala cikin kwana uku za a dawo da shi.

Washegari aka ɗaura shi da sabon bel da sababbin kabon. Mita ta nuna 14.2, da fitilu a kunne 13.9. Batir na biyun dai bai tsira ba, yawan zuƙe shi da aka yi ya lalata shi, kafin sanyi sai da aka canja. Yanzu yana ɗakinmu, da shi muke kunna ƙwai ɗaya mu yi karatu in an ɗauke wuta.

Da aka tashi mayar da Hajiya asibiti a duba ta, na buɗe mata ƙofa, motar ta tashi bugu ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Maigida, yau ba za ka tura amaryarka ba?" Na ce na yi ritaya. Ta ce to in shiga gaba in zauna, amma in cire takalmina masu ƙura tukuna, don kakana bai taɓa yarda a shigar masa mota da datti ba.